Damina ba ta san da kulle ba: maganar tallafin ƙananan manoma a lokacin korona

Har yanzu in aka zauna ana hirar korona abin da mutane suka fi tunawa shi ne takunkumin fuska da rufe masallatai da yadda aka yi azumin 2020 a kulle cikin gida. Ni kuwa abin da ya tsaya min a rai daban ne, kuma shi nake so mu tattauna, wato yadda aka yi da ƙaramin manomi a wannan shekarar, mai gona kadada ɗaya ko biyu, da kuma yaron da ya faɗa noma ko kiwo a lokacin saboda ba makaranta ba sana'a. An yi ta ambaton biliyoyin naira da sunansu a rediyo, kullum sanarwa, amma dan Allah ka shiga ƙauyenku ka tambaya, mutum nawa ne zai ce maka wani abu ya shigo hannunsa kafin ya yi shuka? Ni a ganina kuɗi kam an fitar, ba wanda zai ce ba a fitar ba, sai dai an tsara tallafin ne da kalandar ofis alhali manomi da kalandar ruwan sama yake aiki, sannan an tsara shi ne daidai da mutumin da ke da babbar waya da asusun banki da wanda ya sani a sama.

Bari mu ɗan jera lokutan tukuna don a gane abin da nake nufi. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja da Ogun. Kano aka kulle ta a tsakiyar Afrilu, sannan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage wannan ba sai 1 ga Yuli. To duk wanda ya tashi a gidan noma ya san me waɗannan watannin suke nufi. Maris da Afrilu ƙarshen noman rani ne, lokacin da ake kwashe sauran tumatir da albasa da attaruhu, ake yankan alkama. Mayu da Yuni kuma sharar gona, kai taki, neman iri, jiran ruwan shuka. Kuɗin da aka samu a na farkon shi ake zubawa a na biyun, haka abin yake tafiya shekara da shekaru, mutum ya sai da kayan gwarinsa ya sayi buhun kamfa da yuriya ya ajiye, ya biya masu huɗa. Kullen nan daidai kan wannan gaɓar ya faɗo. Wanda ya rasa cinikin rani bai tsaya a asarar rani kawai ba, ya shiga damina hannu babu komai.

Ga kuma 'yan ci-rani, waɗanda ba kasafai ake sa su a lissafi ba in ana maganar noma. Rabin takin da ake zubawa a wasu ƙauyukanmu daga aljihun mai acaba ne a Legas, ko mai tura ruwa a Abuja, ko mai gadi a Fatakwal, ya yi wata huɗu ko biyar yana tarawa ya dawo gida da ruwan farko. A 2020 sana'ar ta tsaya cak, ɗan abin da suka tara suka cinye a zaune, wasu suka dawo a ɓoye cikin motocin kaya kamar masu laifi. Kasuwannin ƙauye na mako-mako kuma, inda mutum zai ja akuyarsa ya sayar ya sayi maganin feshi, da yawa an hana su ci. Toh ina zai samo?

Gwamnati ta ce motocin abinci ba sa cikin dokar hana zirga-zirga, kuma gaskiya ne haka aka rubuta. Amma tsakanin takarda da titi akwai tafiya. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas sai ya wuce jihohi da dama, kowace iyaka da nata shingen da nata kwamitin, wani ya ce a buɗe a duba ko an ɓoye mutane, wani ya ce sai gari ya waye, wani kuma kowa ya san abin da yake jira. Hatsi zai iya kwana uku a hanya ba abin da zai same shi, tumatir ba zai iya ba. Da dillalai suka ga haka sai suka ja baya, wanda ya zo kuma ya taya yadda ya ga dama. Na ga wannan da idona a yankin Kadawa, kwanduna jere a bakin hanya an rufa musu ganye, rana tana dukansu, ruwan tumatir ɗin ya fara bin ƙasan kwandon ƙudaje sun taru, mai kayan yana tsaye yana kallon titi ko mota za ta tsaya. Can gefe mata da yara sun baje suna yanka shi biyu-biyu suna shanyawa a ƙasa don a samu kauɗa, ko ba komai a rage asara. Mutumin nan ya sayi fetur na injin ban ruwa wata uku, ya biya 'yan ƙwadago, wataƙila ma gonar haya ce. A ranar ba bashin banki yake nema ba, so yake a bar mota ta wuce. Da a ce an ba motocin kayan gwari wata takarda guda ɗaya da kowace jiha za ta mutunta, aka sa lambar waya da direba zai kira in an tsare shi kuma a ɗauka, wallahi da an ceci dukiya mai yawa ba tare da an kashe ko biliyan ɗaya ba.

Yanzu mu zo kan tallafin kansa. A watan Maris Babban Bankin Najeriya ya sanar da naira biliyan 50 na bashin korona ga magidanta da masu ƙananan sana'o'i, ta hannun bankin NIRSAL, ya kuma rage kuɗin ruwa a kan basussukansa na tallafi daga kashi 9 zuwa kashi 5 cikin 100. Ba laifi, an yi saurin sanarwa. Amma ta ina ake nema? Ta intanet. Sai kana da BVN, sai kana da asusu, sai ka cike fom da Turanci, sai ka riƙa leƙawa kana duba ko an amince. Ka ɗauki dattijon da ke Ɗanbatta ko Bakori ko Gwadabawa, wayarsa ƙarama ce ta kira, cajin ma sai ya kai shago, banki mafi kusa da shi yana hedikwatar ƙaramar hukuma in ma akwai, kuma an ce kar kowa ya fita. Ta yaya? Shi ya sa waɗanda suka fi amfana su ne mutanen gari, ma'aikata da 'yan boko da masu shaguna, ni ban ce ba su da buƙata ba, kowa ya ji jiki a lokacin, amma kar a zo ana lissafa wannan a cikin abin da aka yi wa manomi. Sannan ga 'yan tsakiya da suka tsiro, masu cewa kawo BVN ɗinka in cike maka in ya fito a raba. Mutane da yawa sun karɓa a zaton kyauta ce, rabonsu ne na gwamnati, sai bayan shekaru suka ga ana zare kuɗi daga asusunsu. Bashi bashi ne, kuma ya kamata tun farko a faɗa wa mutane da Hausa ƙarara a rediyo cewa wannan za a biya.

Akwai ma wata magana da masu tsara abin a Abuja suke mantawa da ita kullum, maganar riba. Manomi Musulmi da yawa ko kashi 1 ne ba zai taɓa ba, ya gwammace ya noma rabin gonar ya bar rabi. Sai a watan Yuli 2020 Babban Bankin ya fitar da ƙa'idojin yadda za a bi waɗannan shirye-shiryen ba tare da kuɗin ruwa ba. Abu ne mai kyau kuma na yaba, amma a Yuli an gama shuka, an yi noman farko, wasu har sun shiga maimai. Ihu bayan hari kenan. Me ya hana a yi tunanin wannan tun 2015 da aka fara ba manoma bashi gadan-gadan?

Don a 2015 ɗin ne, a watan Nuwamba, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na ba manoma bashin kayan noma a Birnin Kebbi. Ni ba na cikin masu cewa shirin bai yi komai ba, duk wanda ya san Kebbi da Jigawa da Kano kafin lokacin da bayansa ya san noman shinkafa ya tashi, injinan casa sun yawaita, yara sun samu aiki. Sai dai shirin ta hannun ƙungiyoyi yake bi, irin su RIFAN ta manoman shinkafa, kuma ƙarfinsa ya fi karkata ga shinkafa da masara da auduga. Mai gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda shi ne asalin ƙaramin manomin Arewa, ba shi da wata babbar ƙungiya mai ofis a Abuja. Matar da ke kiwon awaki huɗu a bayan ɗaki tana shuka rama da kuɓewa ba ta cikin lissafin kowa. Sannan kowa ya ji labarin manoman biro, waɗanda ba su san hanyar gona ba amma sunansu ne a saman takarda, su karɓi taki da injin ban ruwa su kai kasuwa washegari. Da korona ta zo sai aka ce za a faɗaɗa irin waɗannan shirye-shiryen, wato aka ƙara zuba ruwa a hanyar da dama can ba ta kaiwa gonar talaka. A ƙarshen Agusta zuwa Satumba kuma ambaliya ta zo ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi, mutane ga bashi a wuya ga gona a ƙarƙashin ruwa. A rubuce akwai inshora a cikin tsarin, hukumar inshorar noma ta NAIC tana nan tun 1987, amma manomi nawa ne aka taɓa zaunar da shi aka yi masa bayanin inda zai je da abin da zai kai in ruwa ya ci gonarsa?

A watan Yuni aka amince da babban shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 wanda kwamitin mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Osinbajo, ya tsara, a ciki har da ɓangaren noma, lokacin Sabo Nanono ne minista. Abin da ya fi ba ni takaici a nan shi ne sai a lokacin aka tura matasa ƙauyuka suna rubuta sunayen manoma suna auna gonaki. Ana tsakiyar annoba, ana tsakiyar damina, sannan ne muke tambayar su waye manoman namu kuma ina suke. Alhali a 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana ministan noma, an yi rajistar manoma miliyoyi, ana turo wa mutum saƙo a ƙaramar wayarsa ya je ya karɓi taki buhu biyu a kan rabin kuɗi. Shirin yana da nasa matsalolin, wasu saƙon bai zo musu ba, dillalan takin ma sun daɗe suna bin gwamnati bashi, amma dai hanya ce da aka riga aka share, ƙaramar waya ta isa, ba sai da data ba. Da aka canza gwamnati sai aka watsar. Da an riƙe rajistar nan ana sabunta ta duk shekara, a Afrilun 2020 cikin mako ɗaya za a iya tura wa mutane saƙo. Wannan ɗabi'ar ta kowa ya zo sai ya fara nasa daga farko ita ta fi cutar da mu, kuma ba jam'iyya ɗaya ke yin ta ba.

Taki kuma an rage farashin na shirin shugaban ƙasa daga naira 5,500 zuwa 5,000 a matsayin sassaucin korona. To amma wa ya same shi a haka? Kafin ya iso kasuwar ƙauye ya bi hannu uku ko huɗu. Kuma ƙaramin manomi na gaskiya sau da yawa ba buhu yake saye ba, a kwano yake awo, ya bi gindin masara ɗaya bayan ɗaya yana ɗan zubawa da yatsu uku. Ragin naira 500 a buhu bai kai gare shi ba ko kaɗan.

Sai sababbin manoma, waɗanda su ne suka fi ba ni tausayi. An rufe makarantu a Maris, ga yajin aikin ASUU da ya ɗauke daga Maris har Disamba, yara suna zaune a gida wata da watanni. Da yawansu ba su zauna haka nan ba, suka ce bari mu gwada kiwon kaji, wasu kifi, wasu suka nemi aron gona suka shuka riɗi ko waken suya. Shekara nawa shugabanni suna cewa matasa su koma gona? To ga shi sun koma da ƙafarsu ba wanda ya roƙe su, kuma ba su tarar da kowa a can ba.

Akwai ɗan yayata, yana aji biyu a jami'a lokacin. Ya sai da wayarsa babba, uwarsa ta ƙara masa da kuɗin adashinta, ya sayo 'yan tsaki ya gyara wani ɗaki da ba a gama ba a bayan gida, ya zuba ɓuntun shinkafa a ƙasa, ya toshe tagogi da buhuna. Da daddare sai ka gan shi tsugune da tocila da kaskon gawayi yana duba ko sun taru waje ɗaya saboda sanyi, yaron da a da sai an yi da gaske yake tashi sallar asuba. Sati na uku suka fara zawo fari suna saukar da fuka-fuki, kullum da safe sai ya fito da matattu a leda. Ba likitan dabbobi da zai kira, bai ma san akwai ranakun rigakafi da ake bi ba, wanda ya sayar masa bai gaya masa ba. Ya ɗauki hoto da wayar abokinsa ya tura wani zauren WhatsApp, mutum goma amsa goma, wannan ya ce tafarnuwa wancan ya ce kaza. Waɗanda suka rayu kuma sai abinci ya gagara, don a tsakiyar shekarar masara ta yi tashin da ba a saba gani ba, buhun abincin kaji duk sati da sabon farashi. Ya sayar da su ba su gama girma ba, uwar kuɗin ma ba ta dawo ba. Yanzu in ka yi masa maganar kiwo sai ya ce Kawu dan Allah a bar maganar nan.

Abin da ya kashe masa gwiwa ba rashin bashin rabin miliyan ba ne, da ma an ba shi da asarar ta fi haka. Mutum ɗaya yake buƙata wanda ya san aikin, ya ce masa rana kaza ka ba su rigakafin kaza, kar ka fara da yawa, ka nemi mai saye tun kafin su girma. Su kuwa manyan gidajen gona suna da likitansu, suna da rumbun masararsu, suna da bakin magana. A Yuli Babban Banki ya hana ba da dala don shigo da masara, da abin ya yi tsanani a Satumba aka ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000, aka kuma ce a fitar da tan 30,000 daga rumbun gwamnati don masu haɗa abincin dabbobi. Duk wannan a sama ya tsaya. Mai kaji ɗari a bayan gida a shago yake sayen rabin buhu, farashin da ya tarar shi zai biya.

Kuma kafin tsadar masarar ma, masu kajin ƙwai sun sha wata wahalar a lokacin kullen, otal a rufe, makarantu a rufe, ba biki, masu shayi ba sa fitowa, ƙwai ya taru kiret kan kiret yana lalacewa, kaza kuwa ba ta san an yi doka ba, kullum sai ta ci kuma sai ta saka. A daidai lokacin ake ta maganar raba wa talakawa kayan abinci. Da aka fasa rumbunan ajiyar kayan tallafin korona a watan Oktoba bayan zanga-zangar EndSARS, a Jos da Kaduna da Legas da sauran wurare, me muka ga ana fitowa da shi? Katan-katan na taliya, sukari, buhunan shinkafa, kayan manyan kamfanoni, suna jibge wata da watanni mutane na kwana da yunwa. Ni tambayata ita ce me ya hana a ɗauki wani kaso na kuɗin nan a sayi ƙwai da wake da gero da kauɗa a hannun ƙananan manoman jihar, a raba a unguwannin jihar a cikin satin? Mai kaji ya samu ciniki, mai yunwa ya ci, kuma ƙwai ba ya ɓoyuwa a sito wata shida ballantana wani ya ajiye shi sai ranar bikin zagayowar haihuwarsa.

Sabon manomi yana da wata matsalar kuma da tsohon bai cika samu ba, ita ce ƙasa. Wanda ya gaji gona ko ba taki zai yafa wani abu. Yaron gari ko matar da mijinta ya rasu sai aro ko haya ko jingina, kuma mai gona zai iya karɓe abarsa bana bayan ka zuba mata takin gargajiya bara. Banki kuma in ka je yana tambayar takardar mallaka. An farfaɗo da NALDA, hukumar raya filayen noma ta ƙasa, aka ƙaddamar da shirin matasa manoma a Nuwamba 2020, lokacin an riga an kai amfani gida. Ƙananan hukumomi da masarautu sun fi kowa sanin inda filaye suke, da za su iya yanka wa matasa kadada ɗai-ɗai na shekara uku da sharaɗin a noma, a rubuta a gaban dagaci, ba sai an jira Abuja ba.

Wannan ya kawo ni kan malaman gona, waɗanda a wurina su ne tallafin da ya fi kowane muhimmanci kuma su aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tun tsakiyar shekarun 1970 da aka fara ayyukan raya noma na Funtua da Gusau da Gombe, iyayenmu sun san malamin gona, mutum ne da ke zuwa a kan babur ya shiga gona da kai ya nuna maka tazarar shuka, ya yi gonar gwaji a bakin hanya kowa ya gani. Kano tana da hukumar raya noma ta KNARDA, kowace jiha da irin tata. Muna da cibiyar bincike ta IAR a Samaru, tana fitar da irin masara da dawa da wake masu saurin nuna da jure fari, ga NAERLS a Zariya mai aikin isar da sakamakon bincike ga manoma, ilimin yana nan. Amma tsofaffin malaman sun yi ritaya ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba, waɗanda suka rage ba mai a babur. A lokacin kulle da ba a son taro, malamin gona ɗaya a kowace mazaɓa da ƙaramar waya da katin kira, ga awa ɗaya kullum a gidan rediyon jiha ana amsa tambayoyin manoma kai tsaye, da ya yi aikin da biliyoyin nan ba su yi ba. A Maputo a 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi ga noma, Najeriya ko rabin wannan ba ta saba kaiwa ba, ɗan abin da aka ware ɗin ma sayen kaya ya fi ɗaukar hankali saboda a nan kwangila take, albashin malamin gona ba wanda zai ci komai a ciki.

Nasan wani zai ce ai gwamnatin ma ta shiga uku a lokacin, farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas a Afrilun 2020, ba wanda ya taɓa ganin irin wannan annobar, kuma mutane suna mutuwa, mu a Kano mun ga yadda aka yi ta rasa dattawa a 'yan makonnin nan. Duk na yarda, ni ban ce kar a ɗau matakin kare rai ba. Wani kuma zai ce manoman ma ba sa biyan bashi, wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma wanda ya karɓa da niyyar ba zai biya ba ya zalunci na bayansa, malamai su faɗa a kan mumbari. Amma ka duba wa ya ƙi biya. Mutumin da ke karɓar ba-da-kaka a hannun ɗan kasuwar ƙauyensu, ya karɓi buhu ɗaya a Agusta lokacin da rumbu ya ƙare ya mayar da fiye da haka da kaka, wannan mutumin yana biya duk shekara ko da zai kwana da yunwa, saboda ya san mai kuɗin kuma zai sake buƙatarsa baɗi. Bashin da ya zo a makare, ta hannun ɗan siyasa, ba wanda ya zo ya ga gonar, shi ne ake ɗauka ganima.

Kuma in gaskiya za a faɗa abin da ya riƙe ƙananan manoma a 2020 shi ne irin waɗannan tsofaffin hanyoyin, adashin mata, aron iri a wurin maƙwabci, gayya, zakkar hatsi, ɗan'uwa da ya turo dubu biyar. Ba-da-kaka ma duk da zaluncin da ke cikinta ita ta sa wasu suka yi shuka. Maƙwabtanmu na Nijar suna da wani tsari da ya kamata mu duba da kyau, ƙungiyar manoma ta tara hatsinta da kaka a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun asusun da zai ba da rance, a ba kowa kuɗi gwargwadon buhunansa ya yi sana'ar rani, in bazara ta yi farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya, ragowar ta ishe shi taki. Ba a tambayarsa takardar fili, hatsinsa ne jinginarsa. Ana iya gyara shi ya dace da shari'a ba tare da riba ba, masana harkar suna nan. Mu kuwa a lokacin iyakar ma a rufe take tun Agusta 2019, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamba 2020, cinikin dabbobi da hatsi tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano duk ya tsuke a kan kullen.

Ban manta da tsaro ba, don a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja mutane da yawa ba korona ce ta hana su gona ba, 'yan bindiga ne, kuma a ranar 28 ga Nuwamba na shekarar aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a Borno suna cikin girbi, Allah ya jiƙansu. Duk waɗannan suka haɗu, zuwa Maris 2021 hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 23 cikin 100 a lissafin hukumar ƙididdiga, wanda ke birni ma da bai taɓa riƙe fartanya ba ya ji a kwanon awonsa.

Wata annobar za ta iya zuwa, ko ta mutane ko ta kaji ko ambaliya ko fari, kuma ranar da ta zo ba lokacin fara rubuta sunaye ba ne. Shi ya sa ni yanzu in na samu dama a gaban kwamishinan noma ko shugaban ƙaramar hukuma ko mai neman ƙuri'a, ba zan tambaye shi biliyan nawa ya ware ba. Zan tambaye shi malaman gona nawa ne a ƙaramar hukumarmu kuma yaushe rabon da a ɗauki sabo, ina rajistar manoman mazaɓarmu take kuma akwai mata da masu gonar haya a ciki, sannan takin bana a wane wata zai iso, Afrilu ko Agusta. Ku ma dan Allah in sun zo ku tambaye su, kuma ku sa su faɗi watan da bakinsu a gaban jama'a.